Ƙarambau a jikin babba: yadda ake gane shi da lokacin da ya zama na likita

A ƙasashe masu zafi irin tamu, ƙarambau ya fi yawo a watannin sanyi da rani, wato daga hunturu har zuwa bazara. Yawancin gidaje a Gure da ƙauyukanta sun san shi a matsayin ciwon yara: yaro ya yi zazzaɓi, ƙuraje masu ruwa su feso masa, ya sha susa, bayan mako ɗaya ko kwana goma ya koma wasansa. Ga mafi yawan yara haka abin yake. Amma in ya sauka a jikin magidanci, ko matar aure, balle mai juna biyu, to zance ya sake. Mun tattara wannan bayani ne saboda masu saurarenmu na nan gida, da kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya ko Turai, waɗanda galibi su ake buga wa waya a ce wane ba lafiya, me za a yi, a turo kuɗin magani.

Sunansa da asalinsa

Ƙarambau muke ce masa, wasu kuma a Najeriya su ce farankama. A takardar likita za ku ga an rubuta varicelle. Ƙwayar cuta ce ta birus ke kawo shi, ba bakteriya ba, shi ya sa antibiyotik irin su amoksisilin ba sa kashe shi. Yana bin iska ne daga numfashi da tarin mara lafiya, yana kuma bin ruwan da ke cikin ƙurajen. Saurin yaɗuwarsa ya kai a ce in mutum guda ya kamu a gida, cikin mutum 10 na gidan da ba su taɓa yi ba, har 9 na iya ɗauka.

Daga ranar da cutar ta shiga jiki zuwa ranar da za ta bayyana akan yi kwana 10 zuwa 21, mafi yawa dai mako biyu. Mutum yana fara raba wa wasu tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurji ko ɗaya ya fito, yana ci gaba da rabawa har sai dukkan ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Wanda ya yi sau ɗaya, da wuya ya sake yi har abada.

Me ya sa yake kama manya a nan?

A Faransa ko Ingila, kusan kowane babba ya riga ya yi ƙarambau tun yana ƙarami, saboda yara na cunkushe a makaranta da gidajen reno cikin ɗakuna rufaffu. A ƙasashe masu zafi kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta lura cewa mutane da yawa na girma ba su taɓa yi ba. Abin ya fi yawa a karkara inda gidaje ke nesa da juna. Ku duba yadda zaman yake a arewacin Gure, wajen Kelle, Alakos, har zuwa Tasker, ko a rugagen makiyaya da ƙananan ƙauyukan kwari: cutar na iya yin shekaru ba ta leƙa wani ƙauye ba. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri sai ya kai shekara 20 ko 30 jikinsa bai san ta ba.

Daga nan sai tafiya ta kama shi. Ya je cin rani Damagaram ko Kano, ya shiga soja, ya tafi haƙar zinariya Jado, ya shiga makarantar kwana ko tsangaya, ko ya sauka a ɗakin haya da mutum goma ke kwana a Sabha ko Tamanrasat. A can ne cutar ke samun shi, a shekarun da ta fi tsanani, kuma nesa da masu jinyarsa. Haka ma wanda bai je ko'ina ba: ɗansa ne zai kwaso daga makaranta ko kasuwa ya kawo gida. Likitoci sun daɗe da lura da wani abu: wanda ya ɗauka a cikin gida daga wani ɗan gidan yakan fi na farkon yawan ƙuraje da jin jiki, domin ya daɗe yana shaƙar cutar a kusa. Ke nan uban da ya kwana ɗaki ɗaya da yaronsa mai ƙarambau, in bai taɓa yi ba, ya shirya.

Yadda yake farawa a jikin babba

Yaro sau da yawa ƙurajen ne alamar farko. Babba kuwa sai ya yi kwana ɗaya ko biyu yana zazzaɓi, ciwon kai, ciwon baya da gaɓoɓi, kasala, abinci ya fita ransa. A nan ne kusan kowa ke cewa masassarar cizon sauro ce, ya aika a sayo masa magani a bakin hanya. Gwajin jini na yatsa da ake yi a CSI cikin ƴan mintoci shi ke raba gardama, kuma a tuna mutum na iya haɗa biyun a lokaci guda.

Sai ƙurajen su fito. Suna farawa daga fatar kai, fuska, ƙirji da baya, sannan su bazu zuwa hannuwa da ƙafafu. Kowane ƙurji yana farawa kamar ɗan tabo, a baƙar fata ba lalle a ga jan ba, sai dai a ji shi da yatsa. Cikin awoyi ya taso, ya cika da ruwa garau kamar ɗigon raɓa, ruwan ya yi duhu, ya fashe, ya bushe ya yi ɓawo. Sababbi na ci gaba da fitowa kashi-kashi har kwana 3 zuwa 5. Shi ya sa in aka duba bayan mara lafiya za a ga iri-iri a wuri guda: ga sabon tabo, ga mai ruwa, ga busasshe. Wannan ita ce babbar alamar ƙarambau, ku riƙe ta.

Wanda ba a yi wa rigakafi ba yakan fitar da ƙuraje 250 zuwa 500, babba kuma na iya zarce haka. Suna shiga baki, maƙogwaro, fatar ido da al'aura. Na baki su ne ke hana ci da sha, su jawo bushewar jiki, musamman in ciwon ya zo cikin zafin watan Afrilu da Mayu. Na al'aura kuma kunya kan sa a ɓoye su har su ruɓe, ko fitsari ya gagara. A faɗa wa ma'aikacin lafiya, ba sabon abu ba ne a wurinsa.

Kar a ruɗa shi da waɗannan

Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, ita ma lokacinta ke nan. Amma ƙyanda na zuwa da tari, majina da jan ido, ƙurajenta kuma ba su da ruwa, shimfiɗe suke kamar an watsa dusa a fata. Allurar ƙyanda da ake yi wa yaro yana wata 9 ba ta kare shi daga ƙarambau, cuta biyu ne daban.

Tsofaffi kuma in suka ga babba ya cika da ƙuraje, abin da ke faɗo musu a rai shi ne agana, ciwon da ya bar zanzana a fuskokin mutanen da. Agana ta ƙare. An yi gangamin lamba a Afirka ta Yamma, har da Nijar, daga ƙarshen shekarun 1960, tabon nan da ke damtsen dattawa shaidarsa ce, kuma a 1980 OMS ta bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Kamannin cutukan biyu ya daɗe yana ruɗa likitoci. Sai a 1767 wani likitan Ingila, William Heberden, ya bambanta su filla-filla. Mutum na ƙarshe ma da agana ta kama ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a, Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a wata likita a garin Marka na Somaliya, a 1977, da farko ƙarambau aka ce yana yi aka sallame shi.

Wadda ta rage ake ruɗawa da shi a yau ita ce ƙyandar biri, mpox. Ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017, kuma OMS ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a 2022 da kuma Agustan 2024. Ƙurajenta sun fi tauri da zurfi, sun fi ciwo fiye da ƙaiƙayi, sukan fito har tafin hannu da tafin ƙafa, kuma tana zuwa da kaluluwa a wuya, hammata ko matsematsi. Da ido kaɗai ko likita na iya kuskure, sai an ɗauki ruwan ƙurjin an gwada. Don haka wanda ya dawo daga kudu da irin waɗannan ƙuraje, ya faɗi inda ya fito da wanda ya yi hulɗa da shi.

Inda haɗarin yake

A 2014 OMS ta ƙiyasta cewa kowace shekara ƙarambau na kama mutum aƙalla miliyan 140 a duniya, sama da miliyan 4 na yin tsananin da sai an kwantar da su, kimanin dubu 4 da 200 kuma na rasuwa. In aka duba yawan masu kamuwa, mutuwar kaɗan ce, amma ba a kan kowa take faɗawa daidai ba. Lissafin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna cewa cikin yara dubu 100 masu shekara 1 zuwa 14 da suka kamu, kusan 1 ne ke mutuwa, cikin manya dubu 100 kuwa kusan 21. Ninki ashirin ke nan. Kuma wannan lissafin ƙasar da ke da iskar oksijan da ɗakin kulawa ta musamman a kusa ne. Mutumin da ke ƙauye a bayan Bune ko Gamu, wanda sai ya hau amalanke ko babur kafin ya kai CSI, daga nan likitar Gure, in abin ya fi ƙarfinta a wuce da shi babbar likitar Damagaram mai nisan kilomita 160 da ɗoriya, shi ba shi da damar jira ya ga yadda gobe za ta yi.

Abin da ya fi kashe manya shi ne ciwon huhu. Ƙurajen da kuke gani a fata, kwatankwacinsu na iya faruwa a cikin huhu. Littattafan likitanci na cewa kusan babba 1 cikin 400 da suka kamu ne ke samun wannan. Yakan fara ne kwana 1 zuwa 6 bayan fitowar ƙuraje, da busasshen tari, numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, wani lokaci kaki da jini. Muguntarsa ita ce sauri: mutumin da ke zaune yana hira da safe, da dare ana iya ganin ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi. Masu shan taba, masu ciki da masu tsohon ciwon ƙirji suna cikin waɗanda suka fi faɗawa ciki.

Na biyu, ruɓewar fata. Susa da farce mai datti na buɗe wa bakteriya ƙofa. Ƙurji ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, kumburin ya rinƙa faɗi. Wani lokaci cutar na nutsawa ƙarƙashin fata ta ci nama, ko ta shiga jini. Alamar da ya kamata a kula da ita: zazzaɓi ya sauka, bayan kwana ɗaya ko biyu ya dawo da ƙarfi, ko wani wuri guda a jiki ya rinƙa ciwo fiye da yadda yake a ido. A nan ne antibiyotik ke da aiki, kuma likita ne ke zaɓen wanda ya dace.

Na uku, ƙwaƙwalwa. Ba ya da yawa, amma yana faruwa: ciwon kai mai tsanani, amai, ruɗewa, magana ba kan gado, barcin da ba a iya tayarwa, farfaɗiya, ko tafiya da tangaɗi. A gida akan ce iska ce ta taɓa shi a tafi neman mai ruƙiyya. A kai shi likita tukuna. Kuma tunda lokacin ƙarambau shi ne lokacin sanƙarau a yankinmu, duk wanda wuyansa ya sanƙare, ko da ƙuraje ko babu, ba a kwana da shi a gida.

Akwai kuma wani nau'i da ƙurajen ke cika da jini su yi baƙi, hanci ko dasashi ya rinƙa zubar da jini, hanta ta taɓu ido ya yi ɗorawa. Wannan ya fi samun masu raunin garkuwar jiki: mai SIDA da ba ya shan magani, mai ciwon daji da ke karɓar magani, yaro mai tamowa. Sai wani rukuni da ba a cika tunawa da su ba: masu shan ƙwayoyin ƙara ƙiba irin su deksametazon, da masu shan irinsa kullum saboda ciwon gaɓoɓi ko asma. Waɗannan ƙwayoyi na kwantar da garkuwar jiki, ƙarambau kuwa in ya samu mai shan su yana iya yin mummunar ɓarna. Yarinyar da ke sha a ɓoye, don Allah ta faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya, ko da a keɓe ne. Kuma wanda ya daɗe yana sha kar ya yanke da kansa rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, likita zai nuna yadda za a rage.

Mai ciki da mai jego

Nan ya kamata kowane maigida ya buɗe kunne. Mai ciki da ba ta taɓa yin ƙarambau ba tana fuskantar haɗari iri uku, gwargwadon inda cikin ya kai.

In ta kamu a farkon ciki, kafin mako 20, wato kusan wata biyar, cutar na iya taɓa ɗan tayi: a haife shi da tabo a fata, ko hannu ko ƙafa da ba su cika ba, ko matsalar ido da ƙwaƙwalwa. Wannan bai cika faruwa ba, bai wuce 2 cikin 100 ba ko a makonnin da suka fi haɗari, saboda haka ba abin fid da rai ba ne, abin bibiya ne a wurin awo. In kuma ciki ya tsufa, haɗarin ya koma kan uwar, domin ciwon huhu ya fi tsananta a watannin ƙarshe.

Mafi muni shi ne ƙurajen su fito wa uwa daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta. A wannan tsakani jariri ya karɓi cutar daga uwarsa, amma bai samu kariyar da jikinta ke haɗawa ba, don lokaci bai isa ba. Irin wannan jariri na likita ne ko da ana ganin lafiyarsa lau. Maganar shayarwa, galibi ana ci gaba da ba da nono, a rufe ƙurajen da ke kusa da inda bakin jariri ke kaiwa, amma a bar ma'aikatan lafiya su tsara. Wankan jego da tafasasshen ruwa kuwa, a jikin da ke cike da ƙuraje, ƙara ƙuna ne a kan gyambo. A sassauta ruwan har fata ta warke.

Mai cikin da ta zauna da mai ƙarambau, kuma ba ta san ko ta taɓa yi ba, kar ta jira ƙuraje. Ta tambayi mahaifiyarta ko wata babbar gidan da ta rene ta, sannan ta je wurin awo cikin kwanakin farko ta faɗa. Akwai maganin kariya da likita kan iya bayarwa, amma yana da lokaci, ba ya son a wuce kwana 10. Tun 2006 awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 suna cikin abin da gwamnati ta ce kyauta ne a likitocinta. Da ta isa, ta sanar tun daga bakin ƙofa, kar ta shige cikin layin sauran masu ciki.

Magani: awa 24 na farko

Akwai maganin da ke rage ƙarfin birus ɗin, sunansa aciclovir. Yaro lafiyayye ba ya bukatarsa. Babba kuwa yana amfana, da sharaɗin a fara cikin awa 24 da fitowar ƙurjin farko. In aka wuce haka amfaninsa ga mai sauƙin ciwo na raguwa ƙwarai. Ga babba akan rubuta miligiram 800 sau 5 a yini har kwana 7, tare da shan ruwa da yawa saboda ƙoda, mai ciwon ƙoda kuma ana rage masa. In ciwon ya shiga huhu ko ƙwaƙwalwa, ta jijiya ake ba da shi a gadon likita, ko kwana nawa aka yi. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke cewa babba ya je CSI ranar da ya ga ƙurji mai ruwa, ba ranar da ya kasa tashi ba. A samu takardar likita, a saya a farmasi, in babu a kusa a aika Damagaram. Ƴan uwa na waje da ke turo kuɗi, abin da ya fi amfani ku biya a ranar farko shi ne kuɗin mota da na wannan magani.

Na zazzaɓi, parasetamol kaɗai. Babba na shan ƙwaya 1 ko 2 ta miligiram 500, a bar aƙalla awa 6 tsakani, kar a wuce ƙwaya 6 a yini sai da izinin likita. Aspirin haramun ne ga yaro ko matashi mai ƙarambau, domin yana iya jawo wata cuta da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Ibuprofen da diklofenak, da duk haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da masu talla ke ƙullawa a leda, a guje su, an danganta su da mummunar ruɓewar fata a masu ƙarambau. Ai mai tallan bai san me ke cikin ƙullin ba, balle mai saye.

A gida kuma, wanka dai wanka. Maganar da ake yi cewa ruwa na mayar da ƙuraje ciki ba ta da tushe. A yi wanka sau ɗaya ko biyu a rana da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu, ban da soso, a tsane jiki da tsabtataccen zane ba tare da gogawa ba. A yanke farce. A sa tufa mara nauyi ta auduga, a canza shimfiɗa. Toka, farar ƙasa, kanwa, hoda da man shanu da wasu ke shafawa suna rufe ƙurjin ne su tara datti, su kuma ɓoye wa likita abin da yake son gani. Masu dafa ganyen dogon yaro su yi wanka da ruwan, in an tace shi ya huce ba laifi, yana iya sanyaya fata, amma ba ya kashe cutar, kuma ba ya maye gurbin zuwa likita. In ƙaiƙayi ya hana barci akwai ƙwayar da ma'aikacin lafiya zai bayar. Abinci kuwa mai laushi mara yaji: kunu, koko, fura da nono, romo. Ruwa a kai a kai, ko da kurɓi-kurɓi ne. In fitsari ya ragu ya yi ja, jiki ya fara bushewa ke nan.

Tabon da ke saura bayan warkewa yakan yi duhu, ya ɗauki watanni yana washewa da kansa. Man bilicin ba ya gaggauta shi, sai ma ya ƙara ɓata fatar.

Dubiya, barka da masallaci

Mun san ba a jin ɗan uwa na kwance a ƙi zuwa gaishe shi. Amma a ƙarambau, ɗakin mara lafiya cike da masu dubiya shi ne hanyar da cutar ke bi ta zagaye unguwa. Mai jinya ya zama wanda ya tabbata ya taɓa yi. Masu ciki, masu goyon jarirai da marasa ƙarfin jiki su yi gaisuwa ta waya ko su aika. A buɗe taga iska ta rinƙa wucewa, ko a yi masa shimfiɗa a rumfa shi kaɗai, ya fi a kulle shi a ɗaki.

Shi ma mara lafiyan ya haƙura da kasuwa, majalisa, sallar jam'i da motar haya har ƙurajen su bushe duka, abin da kan ɗauki kwana 5 zuwa 7 daga fitowarsu, a babba wani lokaci fiye. Ɓawon da ya bushe ba ya yaɗa cuta, ba sai an jira ya zube ba. Gidan barka da taron suna su ne wuraren da bai kamata mai ƙuraje, yaro ko babba, ya taka ba sam. Malaman makaranta da na allo su mayar da yaro gida da zarar sun gani, su kuma tuna da kansu: malamin da bai taɓa yi ba ya fi ɗaliban shiga haɗari.

Rigakafi, da saƙo ga na waje

Allurar rigakafin ƙarambau ta daɗe da samuwa. Wani likitan Japan, Michiaki Takahashi, ya haɗa ta a farkon shekarun 1970, Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995, Jamus a 2004. Kafin allurar, Amurka na samun kusan mutum miliyan 4 da ke kamuwa kowace shekara, 100 zuwa 150 na mutuwa. Yanzu abin ya ragu ƙwarai. A Nijar ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa yara a CSI, don haka katin rigakafin yaro ko ya cika, bai shafi ƙarambau ba.

Ƴan uwa da ke ƙasashen da ake samun ta, wanda bai taɓa yi ba ko yake shakka, ya tambayi likitansa. Akwai gwajin jini da ke nuna ko jiki ya san cutar. Allura biyu ake yi wa babba, da tazarar aƙalla wata ɗaya. Ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa, saboda haka matar da ke shirin ɗaukar ciki ta yi tun kafin, ta kuma dakata wata ɗaya bayan allurar. Ko bayan an zauna da mai cutar, in aka yi ta cikin kwana 3 zuwa 5 tana iya hana ciwon ko ta rage shi. Wanda kuma ya zo ganin gida ya tarar ana ƙarambau, ya ƙirga mako 3 daga ranar da ya rabu da mara lafiyan. In zazzaɓi ya taso masa a can cikin wannan lokaci, ya faɗa wa likita abin da ya baro, ya kuma nisanci abokan ɗaki.

Bayan shekaru

Ƙarambau na warkewa, amma birus ɗin ba ya barin jiki. Yana laɓewa a tushen jijiyoyi kusa da ƙashin baya, shekara da shekaru. In tsufa ya zo ko garkuwa ta yi rauni, sai ya farka ya bi jijiya guda ya fito a matsayin abin da likitoci ke kira zona: raɗaɗi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki, bayan ƴan kwanaki ƙuraje masu ruwa su jeru kamar ɗamara a haƙarƙari, ko kugu, ko gefen fuska, ba sa tsallake tsakiyar jiki. Shi ma aciclovir ne maganinsa, an fi so a fara cikin kwana 3. In ya fito a goshi ko kan hanci, ido na cikin haɗari, a je a ranar. Matashin da zona ya fito wa, musamman in ya yi faɗi ko ya maimaita, yana da kyau ya yi gwajin SIDA. Ruwan ƙurajen zona kuma na iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau, don haka kaka mai zona ta rufe wurin da tsabtataccen ƙyalle, ta kuma dakata da ɗaukar jariri har ya bushe.